Gyambon babban hanji: wane magani ne yake biyan kuɗinsa ga mai jinya a Gombe?

Jama'a akwai wani ciwo da yake cinye kuɗin mutane a garin nan a ɓoye, kuma abun takaicin shi ne yawancin kuɗin a kan maganin wani ciwo daban ake kashe su, ciwon da mutum ba shi da shi. Likitoci suna ce masa ulcerative colitis, kumburi ne da gyambo a fatar cikin babban hanji, yana farawa daga can ƙasa wajen dubura ya dinga hawa sama. Mutum ya yi ta zagayawa sau huɗu sau biyar har fi a rana, da jini da majina, ga murɗan ciki, ga jin kaman bai gama ba ko da ya fito, wani lokaci ya lafa na watanni har a ce an warke sai kuma ya dawo. Toh da yake alamunsa sun yi kama da atini sun kuma yi kama da basir, sai ka ga an shekara ana Flagyl da cipro ana haɗawa da jiƙe-jiƙen masu maganin basir na bakin tasha, wani kuma ya kama shan omeprazole wai olsa ce, alhali ita olsa a tumbi take, wannan kuwa a hanji yake.

Shi ya sa kuɗin farko da ya fi kowanne amfani shi ne na gwaji. A duba bayan gida a tabbatar ba amiba mai jawo atini ba ce, sannan a saka kyamara ta dubura a ga hanjin da ido, a ɗan gutsuri nama a kai dakin gwaji. A asibitocin koyarwa irin FTH na nan Gombe ko ATBUTH na Bauchi ne mutum zai nemi likitan da ya ƙware a ciki da hanji, ba a kemis ba. Mutane suna jin tsadan gwajin nan suna ja da baya, amma shi ne yake nuna iya inda ciwon ya kai, ko a dubura kawai ya tsaya, ko ya kama ɓangaren hagu, ko ya zagaye hanjin gaba ɗaya, kuma a kan wannan ne duk lissafin kuɗin magani yake tsayawa. Ga kuma haɗari, in amiba ce take damun mutum aka ɗora shi a kan maganin kwantar da kumburi prednisolone za ta iya ɓarkewa har hanji ya huje.

Yanzu maganan ma'auni. A Ingila akwai hukuman da ake kira NICE, aikinta ta auna ko magani ya cancanci kuɗin da gwamnati za ta kashe a kansa, shekaru da dama ma'auninsu ya kasance fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowace shekara ɗaya ta cikakkiyar lafiya da maganin ya ƙara wa mutum. A 2015 suka amince a dinga ba masu wannan ciwon manyan alluran nan, infliximab da adalimumab da golimumab, in ƙananan magunguna sun gaza. Can gwamnati ce take biya. Mu nan mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa, ga dala da ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 tsakanin 2023 da 2024, kuma kusan duk magungunan ciwon nan in ka cire prednisolone daga waje ake kawo su. Don haka in ka ga an rubuta cewa magani kaza ya fi biyan kuɗinsa a Turai, da gaskiyansu, amma ba lissafin ma'aikacin ƙaramar hukuma a Dukku ba ne. Ma'aunin da nake ganin ya dace da mu shi ne wane magani ne zai kwantar maka da ciwon, kuma za ka iya sayensa wata goma sha biyu a jere ba yankewa. Farashi yana bin dala ne kullum yana motsi, shi ya sa yawan ƙwayoyi zan dinga faɗa, kai ka ninka da farashin da ka samu a kantin magani yau. Kuma don lissafin aljihu nake kawo su, likita ne zai tsara maka naka gwargwadon jikinka.

Bari in fara da wanda ya fi kowanne araha a kan kanta, wato prednisolone, don a nan ne aka fi yin asara. Tun 1955 Truelove da Witts a Ingila suka nuna cewa irin wannan magani yana kwantar da ciwon in ya tashi, har yau kuma ana amfani da shi a wannan gurbi. Tsarin da aka saba shi ne miligiram 40 a rana, wato ƙwaya 8 na miligiram 5, ana rage ƙwaya ɗaya duk sati har ya ƙare cikin sati 8, gaba ɗaya ƙwaya 252 ke nan, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Cikin 'yan kwanaki jinin ya ragu, mutum ya fara cin abinci, fuska ta cika, 'yan uwa su ce alhamdulillahi an dace. Daga nan ne matsalan take farawa, don mutum ya riga ya san sunan maganin kuma kowane kemis yana da shi, sai ya daina komawa asibiti, duk sanda ciwon ya motsa ya aika yaro ya sayo. Shi prednisolone ruwan kashe gobara ne, in wuta ta mutu an gama da shi. Ba ya hana ciwon dawowa, kuma in aka daɗe a kansa yana jawo ciwon suga, hawan jini, laushin ƙashi, lalacewan kan ƙashin ƙugu, yanar ido, yana kuma karya garkuwan jiki har tarin fuka da ke kwance ya farka. Ka haɗa kuɗin maganin suga na tsawon rayuwa da aikin ƙugu ka gani ko araha ce. Kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, a hankali ake saukowa. Akwai ɗan uwansa budesonide mai miligiram 9 da ake sha sati 8, irin Cortiment, wanda mafi yawan aikinsa a hanjin yake tsayawa illansa kaɗan ne, sai dai ya fi tsada nesa ba kusa ba, samunsa da wuya, kuma shi ma ba na dindindin ba ne.

Asalin gardaman ga mafi yawan masu ciwon nan tsakanin magunguna biyu take, sulfasalazine da mesalazine, don yawanci ciwon nasu ƙarami ne ko matsakaici kuma waɗannan biyun sun ishe su. Sulfasalazine tsoho ne, wata likita 'yar Suwidin mai suna Nanna Svartz ce ta samar da shi wajen farkon shekarun 1940, haɗi ne na abu biyu, da mai aikin da mai ɗauko shi ya kai shi babban hanji. A 1977 masu bincike a Oxford suka gano cewa ɓangare ɗaya ne yake maganin, ɗayan mai sinadarin salfa shi ne yake jawo yawancin illolin, toh sai aka ware mai aikin shi kaɗai aka yi masa riga ta musamman don kar ya narke kafin ya isa, shi ne mesalazine, wanda za ka gani da suna Pentasa ko Asacol ko Salofalk, ko Mesacol na Indiya.

A wajen aiki kusan kunnen doki suke yi. Binciken da aka tattara ya nuna wajen kwantar da ciwo babu wani bambanci na a zo a gani, wajen hana shi dawowa ma tsohon bai gaza ba ko kaɗan. A wajen kuɗi kuwa sulfasalazine ya fi sauƙi sosai, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da yake masu ciwon gaɓɓai ma suna shansa ya fi saurin samuwa. Ƙwayansa miligiram 500 ce, lokacin da ciwo ya tashi ana kaiwa giram 3 zuwa 4 a rana, ƙwaya 6 zuwa 8 ke nan, in ya kwanta a koma giram 2, ƙwaya 4 a rana, 120 a wata, 1,460 a shekara, sai folik asid da ake haɗawa da shi wanda kuɗinsa ba komai ba ne. Mesalazine kuma in mai miligiram 400 ne, giram 2.4 a rana ƙwaya 6 ke nan, 180 a wata, kuma kowace ƙwaya ta fi ta wancan tsada.

In haka ne me zai sa mutum ya sayi mai tsadan? Jiki ne yake zaɓa. Sulfasalazine yana sa wasu ciwon kai da tashin zuciya da ƙuraje, musamman in aka fara da yawa lokaci ɗaya, shi ya sa likita mai lura yake farawa da ƙwaya ɗaya ko biyu yana ƙarawa a hankali, a sha bayan an ci abinci. Fitsari yana komawa ruwan lemo, wannan ba abun tsoro ba ne. Amma duk wanda ya san magungunan salfa irin Septrin ko Fansidar suna tayar masa da ƙuraje ko kumburi, wannan ba nasa ba ne sam. Akwai kuma matsalan jini ta gado da ake ce wa ƙarancin G6PD, tana da yawa a mazan ƙasar nan kuma da yawa ba su san suna da ita ba, sulfasalazine zai iya fasa musu ƙwayoyin jini, ga mutum dama yana zubar da jini ta bayan gida, don haka gwajin nan ɗaya kafin a fara ya cancanci kuɗinsa. Sai abun da ba a cika faɗa wa maza ba kuma ya kamata a faɗa, sulfasalazine yana rage yawa da ƙarfin ƙwayoyin haihuwa na namiji muddin yana sha. Yana dawowa daidai cikin wata biyu zuwa uku bayan an daina, amma ango ko magidancin da ake neman haihuwa a gidansa, in ba a gaya masa ba sai a yi ta kai matar asibiti ana kashe kuɗi ana ɗora mata laifi. Irin wannan mutum mesalazine ne mai araha a wajensa ko da ya fi tsada a kanta.

Wani abu da mesalazine ya fi shi ne ana iya shanye na yini gaba ɗaya lokaci guda, an gwada an ga aikinsa ɗaya da rarrabawa, toh ga ɗan kasuwa ko direba da ke mantuwa, ko lokacin azumi da mutum zai sha da sahur shikenan, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma maganan mantuwa ba wasa ba ce, wani bincike a Amurka ya nuna waɗanda ba sa shan mesalazine yadda aka tsara, haɗarin dawowan ciwonsu ya ninka kusan sau biyar. Shi ya sa ni a ganina wanda albashinsa zai sayi mesalazine na sati biyu ne kawai a wata, gara ya zauna da likita ya faɗi gaskiya a mayar da shi sulfasalazine da zai iya saya kullum. Kunyar faɗin babu a gaban likita tana jawo asara mai yawa wallahi. Dukansu biyu ana son a dinga duba ƙoda lokaci zuwa lokaci, shi sulfasalazine har da gwajin jini da hanta a watannin farko, ka saka wannan a lissafi.

Akwai hanyan da ta fi duk waɗannan biyan kuɗinta ga wasu, amma mutanenmu suna gudunta, ita ce maganin da ake sakawa ta dubura. In kyamara ta nuna ciwon a dubura kawai ya tsaya, mesalazine na cusawa mai giram 1 sau ɗaya da dare ya fi ƙwayan sha aiki, don kai tsaye yake sauka a kan gyambon, in ciwon ya kwanta ma wasu sau biyu ko uku a sati ya ishe su. Ka kwatanta guda goma sha wani abu a wata da ƙwaya 180. In ya kama ɓangaren hagu akwai na ruwa da ake ɗurawa, kuma haɗa na sha da na ƙasa ya fi kowanne shi kaɗai, sau da yawa wannan haɗin ne yake hana a kai ga prednisolone. Na san akwai nauyi, babba da gemunsa a ce ya yi wannan, amma abu ne na minti ɗaya a ɗakinka ba wanda ya sani. Sai dai a kula da ajiya, zafin Gombe na watan Maris da Afrilu yana narkar da wasu irin, a nemi wuri mai sanyi a ɗaki.

Toh in mutum yana shan waɗannan yadda ya kamata amma ciwon yana dawowa har ana buƙatan prednisolone sau biyu a shekara, ko da an fara rage shi sai jini ya dawo, mataki na gaba mai sauƙin kuɗi shi ne azathioprine. Tsohon magani ne da masu dashen ƙoda suke sha, ana ba da miligiram 2 zuwa 2.5 a kan kowane kilo, mai kilo 60 zai sha kusan ƙwaya 3 na miligiram 50 a rana, wajen 90 a wata. Ƙwayan ba ta da tsada can, kuɗin yana wajen gwaji ne, don yana iya karya ƙwayoyin jini ko ya taɓa hanta, a watanni biyun farko kusan duk sati ko sati biyu ake duba jini, daga baya duk wata uku. Wanda yake cikin gari wannan mai yiwuwa ne, wanda zai taso daga Nafada ko Kaltungo sai ya haɗa da kuɗin mota da yinin da ya rasa, ko a shirya ya dinga gwajin a babban asibitin garinsu yana tura wa likita sakamako ta waya. Ba ya aiki da wuri, sai ya kai wata uku, da yawa a nan suke yanke ƙauna su watsar bayan sun riga sun kashe kuɗin gwaji. Kuma mai shan allopurinol na ciwon gaɓɓai lallai ya faɗa, haɗuwansu ba tare da an rage ba tana da haɗari sosai. Wanda ba zai iya gwajin jinin ba kar ya fara. Methotrexate kuma da wasu ke tambaya saboda arahansa, an gwada shi a wannan ciwon bai nuna yana hana dawowa ba, kar a ɓata kuɗi.

Daga nan sai manyan allurai, inda lissafi yake canja kama gaba ɗaya. Infliximab, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2005, ta ƙarin ruwa ake ba da shi a asibiti, miligiram 5 a kan kowane kilo, kwalba ɗaya miligiram 100 ce, mai kilo 60 kwalba 3 ke nan duk zuwa. Ana yi a ranan farko, da sati na 2, da na 6, sannan duk sati 8, shekaran farko zuwa 8 ke nan, kwalba 24. Yana aiki ba shakka, a babban gwajin da aka yi kusan kashi 69 cikin ɗari sun samu sauƙi a sati na 8, waɗanda ba a ba su ba kashi 37. In aka haɗa shi da azathioprine ya fi, wani gwajin ya samu kusan kashi 40 ciwonsu ya kwanta ba tare da prednisolone ba, a kan kashi 22 na masu alluran kaɗai. Asalinsa Remicade ne, amma tun 2013 Turai ta amince da kwafinsa na Koriya ta Kudu, Remsima, aikinsu ɗaya farashi ya fi sauƙi, don haka ba dalilin nacewa a kan na asali. Adalimumab kuma a ƙarƙashin fata ake yi, mutum zai iya yi wa kansa a gida, allura 4 ranan farko, 2 bayan sati biyu, sannan ɗaya duk sati biyu, wajen 30 a shekaran farko, Indiya ma tana da kwafinsa tun 2014. Sai dai a wannan ciwon bai kai sauran ƙarfi ba, a 2019 aka gwada shi kai da kai da wata allura mai suna vedolizumab, bayan shekara vedolizumab ya kwantar da ciwon kashi 31, shi kuma kashi 22 da rabi. Shi vedolizumab ɗin a hanji kawai yake aiki, bai cika taɓa garkuwan sauran jiki ba, wanda a ƙasa mai tarin fuka irin tamu babban abu ne, amma tsadansa da wahalan samunsa sun sa sai mai hali sosai.

Abubuwa uku ne suke ƙara wa alluran nan kuɗi a wajenmu waɗanda ba sa fitowa a takardan farashi. Sanyi, dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka ɗauko su a Legas ko Abuja ko Kano har jikinka, in babu sola ko firijin asibiti da ka yarda da shi za ka iya biyan kuɗin magani ka karɓi ruwa. Sai gwaji kafin a fara, hoton ƙirji da binciken tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da shi, don waɗannan allurai suna tayar da su in suna kwance, wani sai an fara ba shi maganin kariya tukuna. Na ukun shi ya fi damuna, yankewa. Infliximab in aka yi aka tsaya aka dawo, jiki yana iya gane shi a matsayin baƙo ya ƙera abun yaƙarsa, sai ya daina aiki ko ya tayar da rikici lokacin ƙarin ruwan. Sau da yawa dangi ne suke haɗa kuɗi, a sayar da fili ko shanu a yi allura ukun farko, mara lafiya ya miƙe kowa ya yi murna, sati 8 ya zagayo babu na huɗu. Kafin a fara a zauna da iyali a lissafa shekara guda cur, in ba za ta yiwu ba a faɗa wa likita tun ranan farko ya nemi wata hanya.

Wata hanyan kuwa da nake ganin ta fi dacewa da yanayinmu ga wanda ya kai wannan mataki ita ce tofacitinib. Ƙwaya ce ta sha, an amince da ita don ciwon nan a 2018, ba firiji, ba gado a asibiti, ba ƙarin ruwa, tana aiki da wuri, kuma jiki ba ya ƙera abun yaƙarta kaman allurai. Miligiram 10 sau biyu a rana na sati 8, wato ƙwaya 224 na miligiram 5, daga nan a koma 5 sau biyu, ƙwaya 60 a wata. A gwajinta, cikin waɗanda suka samu sauƙi da farko, bayan shekara kusan kashi 34 na masu shan miligiram 5 ciwonsu yana kwance, a kan kashi 11 na waɗanda aka cire musu. Na asali Xeljanz yana da tsada sosai, amma kamfanonin Indiya suna yin nasu a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, a nan ne ta sha gaban allurai a aljihu. Tana da nata sharuɗɗan fa. Ita ma sai an duba tarin fuka da hanta, tana jawo ƙurajen nan masu azaban zafi da ke fitowa a layi a gefe ɗaya na jiki, tana ƙara haɗarin daskarewan jini a jijiya, don haka dattijo, mai shan taba, mai ciwon zuciya ko wanda jini ya taɓa daskare masa ba a gaggawan ba su. Mace mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa ba nata ba ne, alhali mesalazine da sulfasalazine da azathioprine har infliximab likitoci suna barin mace a kansu da cikinta, don tashin ciwon ya fi su haɗari ga ɗan. Ƙanwar tofacitinib ɗin, upadacitinib, da ta zo a 2022 ta fi ta ƙarfi, ta kuma fi ta tsada. Duk wanda za a saya, ta kantin magani mai rajista a bi, a duba lamban NAFDAC, maganin da wani ya zo da shi a jaka ba kwali ba takarda ba a gina shekara a kansa.

In ciwon ya yi tsanani, zagayawa da jini sau 6 ko fi a rana tare da zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko jini ya yi ƙasa, babu sauran maganan kwatanta farashi, gado ne a asibiti a ranan. Ana fara alluran hydrocortisone ta jijiya, in kwana uku ba canji a koma infliximab ko ciclosporin, ko tiyata. Kar a sha maganin tsayar da gudawa irin loperamide a wannan hali, hanji zai iya kumbura ya fashe, kuma diclofenac da ibuprofen da muke sha kaman gyaɗa suna iya tayar da ciwon, paracetamol ya fi aminci.

Ita tiyatan ma bai kamata a ɗauke ta kaman ƙarshen duniya ba. Ciwon nan a babban hanji kaɗai yake zama, in aka cire shi an rabu da gyambon da prednisolone da allurai. Ana fito da ƙaramin hanji ta gefen ciki a manna jaka, wasu daga baya a yi musu wani aikin a haɗa ta ciki. Kuɗin aikin sau ɗaya ne mai nauyi, sai na jakunkuna da ba ya ƙarewa muddin ana amfani da su, ga damuwan alwala da sallah da zaman aure da mutum zai so ya tattauna da malami da kuma wanda aka taɓa yi wa. Amma ga wanda ya shekara biyu uku yana kwanciya asibiti ana ƙara masa jini, kadara tana tafiya, in aka lissafa shekara biyar sau da yawa tiyata ta fi allura sauƙi, kuma wadda aka shirya mata da sauran ƙarfi a jiki ta fi ta gaggawa aminci nesa.

Ma'aikacin da ke cikin inshoran NHIA ko GoHealth na jiha, ko BASHCMA ga 'yan Bauchi, ya je ofishinsu da takardan likita ya tambaya ƙarara me suke ɗauka a ciki, ko da gwajin jini da ganin likita da kwanciya kawai suka ɗauke an rage kaya, sai kuɗin hannu ya tafi kan maganin. In ka samu mai kyau a farashi mai kyau ka sayi na wata biyu ko uku ka duba ranan lalacewa, don mesalazine yakan ɓace a kantuna ba sanarwa. Kuma wanda ciwonsa ya wuce dubura, in ya kai shekara 8 da farawa ana son a sake saka kyamara ko da yana jin garau, saboda daɗewan kumburi yana ƙara haɗarin kansar hanji, daga nan likita zai faɗi duk shekara nawa za a dinga maimaitawa, toh wannan ma a fara ajiye masa wani abu tun yanzu.